Kocin da ya ci wasa 36 cikin 105 kuma ba a kore shi ba

Ƙarfe 2:20 na dare agogon Najeriya aka jefa ƙwallo sama. Daren Litinin ne wayewar Talata, 6 ga Afrilun 2021, saura mako guda a kama azumi, ga zafi irin wanda ko sauro ya gaji. Ba wuta. Ina zaune a tsakar gida kan tabarma, na jingine waya da butar alwala, na toshe kunne ɗaya da abin saurare don kada in tashi yara. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, wai har yanzu ƙwallon ce? Ko nafila ba ka tashi da wannan himmar." Na ce ta yi haƙuri, yau ce ta ƙarshe. Ta ce haka na faɗa bara. Ban tanka ba, ko da yake a nan kam gaskiya tana wajena: bara ba a yi gasar ba sam, korona ta hana.

Wasan ƙarshe ne na gasar ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in Amurka, tsakanin jami'ar Gonzaga da ta Baylor, a birnin Indianapolis. Gonzaga ta zo da wasa 31 ba wanda ya doke ta, tana neman ta zama ta farko da ta gama kaka ba tabo tun bayan Indiana a 1976. Kwana biyu kafin nan wani yaronsu, Jalen Suggs, ya wurga ƙwallo daga kusan tsakiyar fili daidai lokacin da agogo ya ƙare, ta bugi allo ta faɗa, suka fitar da UCLA. 'Yan tsirarun da na sani masu bin wasan nan duk Gonzaga suke yi. Ni kaɗai nake Baylor, kuma ban sha wahala ba. Kafin in gyara zama an yi 9 da 0. Aka tashi 86 da 70, ko sau ɗaya Gonzaga ba ta shiga gaba ba. Ban yi ihu ba saboda yara. Na dai zauna ina kallon wani Bature mai shekara 50, Scott Drew kocin Baylor, yana rungumar duk wanda ya ci karo da shi, har ladanin unguwarmu ya fara gyaran murya.

Ban taɓa zuwa Texas ba, jihar da Baylor take, ba ni da kowa a can. Ni malami ne a wata kwalejin ilimi, darasin da nake koyarwa ma bai shafi wasanni ba. Shekarun baya aka kira taron malamai, da aka zo kan wanda zai riƙe ƙungiyar kwando ta ɗalibai sai kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya. Wani ya tuna cewa na taɓa bugawa lokacin ina ɗalibi a Zariya. Shi ke nan. Shugaban taro ya ce, "Malam, Allah ya taya riƙo," aka shafa. Ga gadon da na samu: filin siminti da ya tsage gida uku, ciyawa ta fito a tsagar, kwando ɗaya ya sunkuya kamar mai gaida surukai, ƙwallo biyu, ɗaya tana sace iska, da yara bakwai, huɗu daga cikinsu 'yan ƙwallon ƙafa ne da ba a ɗauka ba. A wannan hali na shiga neman labarin wanda ya taɓa karɓar abin da ya fi nawa lalacewa, ko na samu abin rage zafi. Na same shi a garin Waco.

Sai na ɗan yi bayani ga wanda bai saba ba. A Amurka kwandon jami'o'i babbar harka ce. Jami'o'i sama da 300 ne a babban mataki, hukumar NCAA ke tsare dokokinsu, kuma a jihohi da yawa kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. A zamanin da zan ba da labari, kowace jami'a gurbin karatu kyauta 13 kawai take da ikon raba wa 'yan wasanta maza, bayan wannan haramun ne a ba yaro ko sisi. Jami'o'in kashi-kashi suke, kowa da rukuninsa. In watan Maris ya zo sai a tace waɗanda suka fi, 68 a shekarar 2021, su yi sili-ɗaya-ƙwale har a samu zakara. Samun shiga gasar Maris ɗin nan shi ne ma'aunin ko koci yana aiki ko zaman banza yake.

Baylor jami'a ce ta Kiristoci 'yan Baptis, mai zaman kanta, an kafa ta a 1845, tana Waco a kan hanyar Dallas zuwa Austin. A kwando ba ta da wani tarihin a zo a gani. Ta taɓa kai wasan ƙarshe a 1948, Kentucky ta doke ta, daga 1950 kuma har 2003 sau ɗaya tak ta leƙa gasar Maris, a 1988. Amma ba rashin nasara ne ya durƙusar da ita ba.

A watan Yunin 2003 wani ɗan wasanta mai shekara 21, Patrick Dennehy, ya ɓace. Bayan makonni aka tsinci gawarsa a bayan gari kusa da wani ramin tsakuwa, an harbe shi. Abokin wasansa ne ya kashe shi, Carlton Dotson, wanda daga baya ya amsa laifi aka yanke masa shekara 35. Ana cikin wannan bincike sai wata tambaya ta ɓullo: marigayin ba ya cikin masu gurbin karatu kyauta, to wa yake biya masa kuɗin makaranta? Ashe kocin ne, Dave Bliss, a ɓoye. Da Bliss ya ga asiri zai tonu, sai ya zaunar da mataimakansa da wasu 'yan wasa yana koya musu abin da za su faɗa wa masu bincike: su ce yaron sayar da ƙwaya yake yi, da kuɗin ƙwaya yake karatu. Lissafinsa shi ne mamaci ba ya musu. Bai san cewa wani matashin mataimakinsa, Abar Rouse, wanda 'yan watanni ke nan da kama aikinsa, yana ɗauke da rakoda a jikinsa ba. Bliss ya ajiye aiki a watan Agusta, bayan 'yan kwanaki jaridar Fort Worth Star-Telegram ta buga abin da ke cikin kaset ɗin.

Duk lokacin da na kai nan a labarin sai na tsaya. Na san yadda yara suke kallon koci. Ko ni da ba na ba su komai sai ruwan leda, in na ce su yi tsalle ba sa tambayar dalili. A ce mutum ya yi amfani da wannan yardar ya sa yara su yi wa abokinsu ƙazafi alhali ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

NCAA ta ba 'yan wasan Baylor izinin su koma duk inda suke so su ci gaba da bugawa nan take. Masu ƙwari suka watse. Lawrence Roberts ya koma Mississippi State, a kakar nan aka zaɓe shi gwarzon rukuninsu. John Lucas III ya koma Oklahoma State, shi ya jefa ƙwallon da ta kai su zagayen 'yan huɗu. Nama ya tafi, aka bar tukunya.

Wannan tukunyar ce Scott Drew ya karɓa a ƙarshen Agustan 2003, yana da shekara 32. Bai taɓa buga wa wata jami'a ba. Lokacin yana ɗalibi a jami'ar Butler, a Indianapolis ɗin nan da zai ɗaga kofi daga baya, cikin masu yi wa ƙungiya hidima yake, irin masu ɗauko ƙwallo da tawul. Ya yi shekara 9 yana mataimakin mahaifinsa, Homer Drew, a ƙaramar jami'ar Valparaiso, sannan ya riƙe ta shekara guda. Ranar da aka gabatar da shi a Waco ya ce wa 'yan jarida ya zo ne don a ci kofin ƙasa. Ina jin ladabi ne kawai ya hana su dariya.

Kakarsa ta farko masu gurbin karatu da suka rage ba su wuce bakwai ba, sai da ya yi shela a zo gwaji don a cike benci. Shi da kansa yakan ba da labarin yadda mutane suka cika ɗakin wasa, aka ga dogaye, rai ya yi fari, da aka bincika sai aka tarar da yawansu ba ɗaliban Baylor ba ne, 'yan gari ne da suka ji labari. Wannan ya taɓa faruwa da ni sak. Na manna takarda a allon sanarwa, washegari na ga wani dogo kamar falwaya yana jefa ƙwallo ba kuskure, har na fara yi masa tanadin lamba. Ashe mai gyaran babur ne a bakin ƙofar makaranta.

Sun ci 8 an ci su 21. Kaka ta biyu 9 da 19, a cikin rukuninsu na Big 12 kuwa wasa ɗaya suka ci cikin 16. Sai a 2005 hukuncin NCAA ya sauko, kan laifin da ba Drew ya yi ba, ba kuma yaransa ba: a kakar 2005 zuwa 2006 an hana Baylor buga wasa da kowace jami'a ta wajen rukuninta. Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka sauƙi aka yi musu. Kaka tana farawa ne a Nuwamba, a yi wata biyu ana karawa da na waje, a gwada yara, a ci ƙanana a samu ƙwarin gwiwa, kafin a shiga wasannin rukuni a Janairu. Su kuwa tun Oktoba suke atisaye su kaɗai, yau da gobe fuskoki ɗaya, har Janairu, sannan aka tura su gaban Kansas da Texas da suka riga suka yi zafi. Sun ci 4 an ci su 13. Kaka ta huɗu 15 da 16. In ka haɗa, wasa 105, nasara 36. A cikin rukuni 12 cikin 64.

Wane uba ne zai ba da ɗansa ga makarantar da aka san ta da gawa da kaset? Shi ya sa da farko Drew ya tafi inda labarin bai yi ƙarfi ba. Ya ɗauko Aaron Bruce daga Ostareliya, Mamadou Diene daga Senegal. Ya kuma ɗauki wani mataimaki da ba wanda ya san shi, Jerome Tang, haifaffen Trinidad, wanda yake koyar da kwando a wata ƙaramar sakandaren coci kusa da Houston. Tang ya zauna da shi shekara 19 kafin ya tafi ya riƙe Kansas State. Sannu a hankali yaran Texas suka fara yarda, irin su Curtis Jerrells, saboda abu ɗaya da Baylor take da shi wanda manya ba su da shi: in ka zo, tun ranar farko za ka buga.

Masu ba da labarin nan sukan ce Baylor ta yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Ni ban yarda haƙuri ba ne, aƙalla a farko. Kunya ce. Makarantar da ta shiga irin wannan abin fallasa ba ta da bakin da za ta tambayi koci ina kofi. Burinta a gama shekara ba ɗan sanda ba ɗan jarida. In ma sun kore shi, wa zai karɓa? Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Amma ko mene ne dalilin, mutumin ya samu abin da kusan ba kocin da yake samu a Amurka: shekara huɗu yana faɗuwa ba mai hura masa wuta a ƙeya. A wata jami'ar da tun a ta uku an sallame shi, an kawo wani ya fara daga tushe, shi ma a sallame shi.

Na daɗe ina yaudarar kaina da cewa ni ma irin wannan damar nake da ita, tunda ba wanda ya taɓa tambayata sakamako. Gasar farko da na kai yara, da rigunan 'yan ƙwallon ƙafa muka buga, aka ci mu duk wasanninmu, muka dawo ba wanda ya ce ya hanya. Sai da na je neman kuɗin mota na gasa ta biyu na gane bambancin. Na ce, "Ranka ya daɗe, batun motar da za ta kai yara ne." Ya ce, "Wace ƙungiya? Au, dama muna da ita?" Daga nesa sakaci da haƙuri kamarsu ɗaya. Sai dai Baylor a shekarun nan tana biyan jirgi, tana biyan mataimaka, tana ciyar da yara, tana biyan mai faɗuwa albashinsa. Ba ta tambaya, amma ba ta daina zuba ruwa ba.

A kaka ta biyar itacen ya yi toho. Ranar 23 ga Janairun 2008 suka je gidan Texas A&M, aka yi ta kunnen doki har ƙarin lokaci sau biyar, suka ci 116 da 110, Jerrells shi kaɗai ya zuba maki 36. A Maris ɗin nan, ranar da ake karanto sunayen waɗanda suka samu shiga gasa a talabijin, sunan Baylor ne na ƙarshe da aka kira, bayan yara sun gama cire rai. Karon farko cikin shekara 20. Purdue ta fitar da su a wasan farko, ba wanda ya damu.

Ni a 2010 na fara jin sunansu, tun kafin a ɗora mini wannan kaya, saboda Ekpe Udoh. Iyayensa 'yan Najeriya ne, a Oklahoma ya tashi, ya baro Michigan ya zo Waco, ya yi kaka guda yana mayar wa mutane da ƙwallo fuska. Shi da LaceDarius Dunn da Tweety Carter suka kai Baylor zagayen 'yan takwas, Duke ta tsayar da su a Houston, ita ce kuma ta ci kofin. Golden State ta ɗauki Udoh na shida a zaɓen shekarar na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, daga baya ya sa rigar D'Tigers ta Najeriya a gasar duniya ta 2019 da Olamfik ta Tokyo. A 2012 suka sake kai 'yan takwas, Kentucky ta tsayar da su, ita ma ta ci kofin.

Kada a ɗauka waliyyi nake yabo. A 2012 NCAA ta kama ma'aikatansa da yawan kiran waya da tura saƙo ga yaran da suke zawarci fiye da ƙa'ida, shi kansa aka dakatar da shi wasa biyu. Sauran kociyoyin rukuninsu da yawa ba sa ƙaunarsa. Sannan aka manna masa wani tambari da ya daɗe bai fita ba, wai ya iya zawarcin yara amma bai iya koyarwa ba. Kuma ya ba masu faɗa abin faɗa. A 2015 Georgia State ta fitar da su a wasan farko bayan suna gaba da maki 12 saura ƙasa da minti uku, kocin Georgia State ɗin har faɗowa ya yi daga kujera don murna. A 2016 Yale ce ta kore su, makarantar da aka fi sani da lauyoyi. Wannan zangon ya fi ba ni sha'awa fiye da shekarun farko. Fitowa daga rami kowa zai tausaya maka. Amma ka zama mai kyau-kyau shekara goma, kullum ana gayyatarka biki ba a taɓa ba ka amarya ba, a nan ne yawancin kociyoyi suke tsufa.

Abu biyu ya canza. Na farko tsaro. Shekaru da yawa Baylor tsaron yanki take yi, kowa ya riƙe wurinsa, ana dogara da dogayen yara masu dogayen hannuwa. Wajen 2019 Drew ya ajiye wannan ya ɗauko tsaron mutum-da-mutum irin wanda maƙwabciyarsa Texas Tech ta kai wasan ƙarshe da shi a shekarar: a toshe tsakiya, a kora mai ƙwallo gefe, layin fili ya zama mai tsaro na biyu, in ya kutsa ta ƙasa wani ya tare shi. Mutum ya shekara 16 a kujera, ya dubi na kusa da shi ya ce naka ya fi nawa. Na gwada da yarana. Ya yi aiki rabin wasa, sai numfashi ya ƙare, saboda tsaro ne na masu cin abinci sau uku.

Na biyu, irin yaran da yake nema. Dubi waɗanda suka ci kofin. Davion Mitchell a benci yake a Auburn, maki uku zuwa huɗu yake ci a wasa. MaCio Teague daga UNC Asheville ya zo, Adam Flagler daga Presbyterian, makarantun da ko a Amurka sai an yi wa mutum kwatance. Jared Butler da Alabama ya fara sa hannu, abin bai yiwu ba. Flo Thamba ɗan Kwango ne. Jonathan Tchamwa Tchatchoua ɗan Duwala ne a Kamaru, bai fara kwando da wuri ba, ya bi ta makarantar NBA da ke Ostareliya, ya yi shekara a UNLV ba a cika sa shi ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da manyan jami'o'i suka yi rububinsa yadda ake rububin yaran Duke da Kentucky.

A dokar wancan lokaci, in yaro ya canza jami'a sai ya zauna shekara guda cur: zai yi karatu, zai yi atisaye, amma ba zai buga wasa ba. Kowa yana kallon wannan a matsayin hukunci. Baylor ta mayar da shi makaranta. Mitchell da Teague sun zauna tare, Flagler da Tchamwa Tchatchoua suka zauna a shekarar da ta biyo baya, Mark Vital ma ya zauna shekararsa ta farko. Shekara guda ta ɗaga ƙarfe, jifa ɗari-ɗari, da tsare manyan ƙungiyar a atisaye, ba tafi ba kyamara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mitchell da yake jefa 32 cikin 100 daga layin maki uku, a kakar kofi ya kai kusan 45, Sacramento ta ɗauke shi na tara a zaɓen NBA. A kakar 2019 zuwa 2020 ma sun ci wasa 23 a jere, suna saman ƙasa makonni, korona ta rufe gasa. Butler da Teague suna iya tafiya neman kuɗi, suka dawo.

Don haka abin da na gani a daren nan manya ne suka haɗu da yara masu baiwa. Butler ya ci 22, Teague 19, Mitchell 15, Flagler 13 daga benci. Amma wanda na kasa daina kallo Vital ne. Tsayinsa bai kai mita 2 ba, maki 6 kawai ya ci, amma sau 8 Baylor tana jifa ta kuskure shi ne ya ƙwato ƙwallon a ƙarƙashin kwandon Gonzaga, a tsakiyar waɗanda suka fi shi tsawo. Shekara biyar ya yi a Waco yana wannan aikin da ba a sa mutum a hoto dominsa.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, ashe rufe ƙofa nake kallo. A cikin Afrilun nan NCAA ta soke zaman shekara ga wanda ya canza jami'a karon farko. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Ban ce ba daidai ba ne. Yaran da ake tara biliyoyi da guminsu sun cancanci rabonsu, kuma da dokar nan tana nan a 2003 wataƙila da biyan kuɗin makarantar yaro bai zama sirrin da za a yi wa mamaci ƙarya a kansa ba. Amma hanyar da Drew ya bi ta toshe. Yanzu yaron da ka zaunar a benci a Janairu, a Afrilu yana wata jami'a. Baylor ta koma ɗaukar irin yaran da manyan jami'o'i suke rububi, Keyonte George, Yves Missi ɗan Kamaru, VJ Edgecombe, kowanne ya yi shekara guda ya wuce NBA. Ta buɗe sabon ɗakin wasa a bakin kogin Brazos a Janairun 2024. A 2024 ɗin kuma Kentucky da kanta ta nemi Drew ya ce yana nan. Daga 2022 zuwa 2025 kuwa, sau huɗu a jere, a zagaye na biyu ake fitar da su.

Akwai mutum ɗaya da ba ya cikin hoton kofin. Da Abar Rouse bai danna rakodar nan ba, da wataƙila ƙaryar ta zauna, an binne Dennehy da sunan dillalin ƙwaya, iyayensa su rayu da wannan. Da kaset ya fito, wasu manyan kociyoyin ƙasar suka hau talabijin suna sukarsa, wai ya ci amanar maigidansa. Ba wata babbar jami'a da ta sake ɗaukarsa. Ƙarshenta koyar da fursunoni ya koma yi a wani gidan yarin tarayya a Texas. Bliss kuwa, bayan haramcin shekara 10 da aka ɗora masa, sai da ya sake samun ƙungiyar wata ƙaramar jami'a a Oklahoma. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa, amma wannan karin maganar ba ta taɓa yi mini ɗaci kamar a nan ba.

Duk wannan daga baya na zauna na tattara shi. A ranar Talatar kanta, da ido biyu na shiga aji, na koyar da abin da ban tuna ba. Bayan la'asar na je fili. Yara tara suka zo, wanda a wajenmu taro ne. Na tara su a inuwar darbejiya kafin a fara, na kwashe labarin tun daga 2003 na ba su, har da gwajin 'yan gari, har da shekarar da aka hana su wasa. Suna ta saurare. Da na gama sai kyaftin ɗinmu, ɗan ajin ƙarshe, ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Koci, shekara nawa ka ce ya yi?"

Na ce 18.

"To mu da muke da uku fa? In an yi yajin aiki, huɗu."

Suka fashe da dariya, har da mai gyaran babur, wanda har yau yake zuwa atisaye ko da yake ba shi da ikon buga mana gasa. Na ce kowa ya zagaya fili sau goma, kyaftin sha biyar. Na ɗauki ƙwallo na buga a ƙasa, ta ƙi tasowa. Na laluba aljihu na ba ƙaraminsu naira ɗari, na ce ya ruga wajen mai faci kafin ya tashi.